KAFIN KA ƘARA RUWA, DUBI SAIWA

Batun da na zaɓa zai ba wasu dariya, domin kuwa magana ce a kan yadda ake ceton shukar da saiwarta ta ruɓe. Wani zai ce, duk matsalolin da ke damun ƙasa malam bai ga abin rubutu ba sai fure a tukunya? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Ra'ayina shi ne: da yawa daga cikin shuke-shuken da ke mutuwa a hannunmu, a makaranta da gida da lambu, yawan ruwa ne ke kashe su, mu kuwa muna ɗora wa ƙishirwa laifi. Idan shuka ta yi yaushi, abin da ya kamata a fara yi shi ne a binciki ƙasar da take ciki da kuma saiwarta. Guga ya biyo baya, in har an ga da bukata. Ina kuma ganin ya kamata a koya wa kowane ɗalibi wannan tun yana aji ɗaya, da hannunsa, a lambun makaranta.

Saiwa ma tana numfashi

Mu mutanen wannan yanki an haife mu da tsoron fari. Iyayenmu sun ga farin 1973, wasunmu kuma sun tashi da labarin na 1984. Saboda haka a tunaninmu ruwa alheri ne a kowane lokaci, kuma ba a yi masa yawa. Amma ilmin kimiyya ya nuna cewa saiwa abu ne mai rai, tana shaƙar iska dare da rana kamar yadda muke yi. Iskar nan tana samun ta ne daga 'yan ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika ramukan ya kwanta, iska ta fita, sai saiwa ta shaƙe. 'Yan siraran gasusuwan da take shan ruwa da su ne ke fara mutuwa. Daga nan sai ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, waɗanda ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa, su sami ƙofa. Akwai wasu da masana ke kira Fitoftora, waɗanda irinsu ke iyo cikin ruwa daga wannan saiwa zuwa waccan. Wani daga danginsu ne ya lalata dankalin Turawa a ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila, daga shekarar 1845, har yunwa da cututtuka suka hallaka mutane wajen miliyan ɗaya.

To, ga inda rikicin yake. Shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, ko da tana tsaye cikin tafki. Ganyenta sai ya yi yaushi, ya sunkuya, daidai da na shukar da ke jin ƙishirwa. Mai shuka ya gani, tausayi ya kama shi, ya ruga ya ƙaro ruwa. Gobe ya ga abin ya ƙaru, ya sake ƙarowa, har da ɗan takin zamani wai don ta sami ƙarfi. Kafin mako ya zagayo ta mutu, ya koma yana cewa ƙasar wurin ce ba ta da kyau, ko kuma an yi mata baki.

Bambance su kuwa ba shi da wuya. Shukar da zafin rana ya sa ta yaushi da azahar za ka tarar ta miƙe da asuba. Wadda ka tarar a sunkuye tun da sassafe, alhali ƙasarta a jiƙe take, matsalarta a ƙasa take. Tura yatsanka cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ka ji danshi, ajiye guga. In kuma ka shinshina ka ji tsami ko warin kwata, to ruɓa ta riga ta fara.

Furen okid

Babu shukar da ke koyar da wannan darasi kamar furen da ake kira okid. Dangin okid na cikin mafiya girma a duniyar tsirrai, iri-irinsu sun haura 25,000, kuma daga ɗaya daga cikinsu ake samun banila, ƙanshin da ake sa wa kek da askirim. Kada mai karatu ya ɗauka na Turawa ne kawai. Muna da namu a Afirka. Akwai wanda ake kira Anseliya, mai fure ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige kamar fatar damisa, wanda ke zama a kan itatuwa a ƙasashe da yawa har da Nijeriya. An ba shi sunan John Ansell ne, wani Bature mai tattara tsirrai da ya same shi a tsibirin Fanando Po lokacin balaguron kogin Kwara na 1841. Akwai kuma waɗanda ke tsirowa a ƙasa cikin dajin ciyawa, su yi fure da farkon damina, su kwana rani a ɓoye da ɗan tushe irin na gwaza.

Yawancin waɗanda ake sayarwa a tukwane a manyan birane asalinsu mazauna kan itace ne. Duk wanda ya san kauci zai ce ai irinsa ne, amma akwai bambanci babba. Kauci yana huda reshe ya tsotsi ruwan itacen. Okid kuwa wurin zama kawai yake nema, ba ya cin komai daga jikin mai masaukinsa. Saiwoyinsa a fili suke, suna manne da ɓawon itace ko suna reto a iska. Suna lulluɓe da wani farin ɓawo mai kama da soso, wanda ke tsotse ruwan sama da raɓa nan da nan, sa'an nan iska ta busar da shi. Wato Mahalicci ya tsara wannan saiwa ta jiƙe ta bushe, ta jiƙe ta bushe. Duk wanda ya cusa ta cikin laka, ya dinga ba ta ruwa safe da yamma kamar alayyahu, ya haƙa mata kabari.

Na taɓa ganin haka da idona. Wata baiwar Allah ta zo da okid guda biyu daga Jos, inda sanyi ke sa furanni yin kyau. Don tsananin so ta juye su cikin bokitin roba marar huda, ta cika da ƙasar fadama da takin shanu. Da suka fara yaushi sai aka kawo su ƙungiyar matasa manoma ta makaranta ko za a dace. Ga abin da muka yi tare da ɗalibai, kuma shi ne abin da masu renon wannan fure ke yi a ko'ina.

Na farko, mun fitar da su a hankali muka wanke saiwoyin, domin ba a maganin abin da ba a gani ba. Lafiyayyar saiwa tana da tauri, fara ce, in ta jiƙe ta koma kore. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana da laushi, in ka ja ta sai ɓawon ya zame ya bar wani abu kamar zare.

Na biyu, mun ƙona reza a wuta, ta huce, muka yanke duk inda ya ruɓe har sai da muka kai ga nama mai kyau. Ana sake ƙona rezar kafin a taɓa shuka ta biyu, don kada a yi wa cuta dako. Muka barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, muka ajiye su a inuwa suka sha iska kwana ɗaya.

Na uku, mun canza musu mazauni. Muka sami tukunyar ƙasa muka huda gindinta da gefenta, muka cika ta da gutsattsarin gawayi da tsingaro da busasshen ɓawon itace, babu ƙasa ko kaɗan. Tukunyar ƙasa ta fi roba domin tana zufa, kamar yadda randa ke yi har ruwa ya yi sanyi.

Na huɗu, wanda ya fi yi wa yara ciwo, mun yanke sandar furen. Shukar da ke jinya ba ta da ƙarfin ciyar da fure da tsirar da saiwa a lokaci ɗaya. Dole a zaɓi ɗaya. Haka kuma ba mu sa taki ba, domin taki a kan raunin saiwa ƙuna ne.

Na biyar, mun ajiye tukunyar kusa da randa, inda akwai haske amma rana ba ta bugu, kuma akwai ɗan danshi a iska ko da hunturu. Ruwa sai da safe, sai kuma an tabbata gawayin ya bushe, kuma ba a bari ya kwanta a tsakiyar ganye.

Ɗaya daga cikinsu bai tashi ba, domin ruɓar ta riga ta hau har zuciyarsa inda sabon ganye ke fitowa. Ɗayan kuwa, wanda saiwa biyu kacal suka rage masa, ya yi zango guda cur kamar ba ya motsi. Sai a zango na gaba wani yaro ya hango ɗan koren tsinin sabuwar saiwa yana leƙowa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Daga tukunya zuwa harabar makaranta

Yanzu bari mu bar fure mu dubi abin da ya shafe mu kai tsaye. Kowace damina makarantunmu na dasa itatuwa: mangwaro, gwaiba, lemo, gwanda, zogale, dogon yaro. Ana taro, ana jawabi, ana ɗaukar hoto. Wa ke komawa bayan shekara ya ƙidaya nawa suka rayu? A ganina akwai kurakurai huɗu da ake ta maimaitawa, kuma duk a saiwa suke ƙarewa.

Akwai dasa itace da ledarsa, ko kuma a bar shi cikin ledar reno har saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo. Akwai haƙa rami mai zurfi a ƙasa mai yumɓu, a binne dashen har wuya, ramin ya zama tulu, ruwan watan Agusta ya kwanta ciki daidai lokacin da ɗalibai suka tafi hutu. Akwai yi wa lemo kwarin ruwa a jikin gindinsa, ruwa ya dinga taɓa ɓawon har ya fara fitar da ƙaro ya ruɓe, alhali kamata ya yi a tara ƙasa kusa da gindin, a zagaya da kwarin daga nesa kaɗan. Gwanda kuwa ta fi kowa rashin jimiri, kwana ɗaya ko biyu cikin kwantaccen ruwa ya isa ya kashe ta.

Na huɗun shi ne ya fi damuna, wato mai da ban-ruwa horo. Yaro ya makara, a ce ya ɗebo bokiti goma ya zuba wa shuka. Yana fushi, ya gaji, sai ya juye su duka a gindin wadda ta fi kusa da famfo. Ta kusa ta nutse, ta nesa ta bushe, shi kuma ya tashi da ƙiyayyar lambu har tsufansa. Haka kuma jadawalin da ke cewa a ba da ruwa safe da yamma kullum, ko an kwana ana ruwan sama, jadawali ne da ke koya wa yaro bin umurni ido rufe. Abin da manomi ke bukata shi ne ido buɗe.

Kafin a dasa komai akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. A haƙa ramin, a cika shi da ruwa da yamma, a dawo da safe. In ruwan ya tsotse, a dasa. In yana nan kwance, a nemi wani wuri, ko kuma a tara tudu a dasa a kansa.

Darasin Bakolori

Mu da ke zaune a Dosara da kewayenta ba mu da uzurin rashin sanin wannan, domin babban misali na ƙofar gidanmu. An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978. An tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da gonaki wajen hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ba a sami wannan ruwa a banza ba. Dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki, a 1980 kuma an yi asarar rayuka lokacin da manoma suka tashi neman diyya. Ruwan da aka saya da irin wannan tsada bai kamata a yi wasa da shi ba.

Duk aikin ban-ruwa ƙafa biyu gare shi: hanyar da ke kawo ruwa, da magudanar da ke fitar da wanda ya yi saura. Ta farko kowa na kula da ita, domin in ta toshe yau, gobe za a ji hayaniya. Ta biyu kuwa shiru take lalacewa. Laka da ciyawa su cike ta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, gona ta zama dausayi. Shinkafa tana jurewa domin a jikinta akwai 'yan hanyoyin da ke kai iska daga ganye zuwa saiwa. Tumatir da tattasai da albasa da masara ba su da irin wannan jimiri. Bayan haka, idan kwantaccen ruwa ya daɗe yana tashi da zafin rana, yakan bar gishiri da kanwa a fuskar ƙasa, har ta daina karɓar shuka. Ƙasar Pakistan ta sha wannan wahala a kwarin kogin Indus, har ta kashe kuɗi masu yawa tun shekarun 1960 wajen haƙa rijiyoyin zuƙe ruwa daga gonaki. A nan gida ma, da Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran ayyukan ban-ruwa mai suna TRIMING a 2014, Bakolori na cikin wuraren da aka zaɓa, kuma gyaran hanyoyin ruwa da magudanai na cikin aikin.

Hudar da ke gindin tukunyar fure da magudanar da ke gefen gona aikinsu ɗaya. Yaron da ya gane amfanin ta farko da hannunsa, in ya girma ya gaji gonar mahaifinsa, ba sai an roƙe shi ya fito aikin gayya na yashe ta biyu ba. Haka kuma ba zai bar injin ban-ruwa yana ta aiki har fangali ya zama kududdufi ba, ya yi asarar mai, ya yi asarar taki, ya kuma yi asarar amfanin.

Abin da masu musu za su ce

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka hujjojinsu ne na banza ba. Wasu za su ce fure ba tuwo ba ne. Gaskiya ne. Amma ɗalibin likita ma ba da ɗan Adam yake fara koyon yanka ba. Amfanin okid a aji shi ne saiwarsa a fili take, ana iya ciro ta a duba a mayar. Inda babu okid, dashen mangwaro ko barkono a gwangwani zai yi aikin.

Wasu za su ce ai tuge matacciya a dasa sabuwa ya fi sauƙi. Wani lokaci haka ne. Tumatirin da cutar yaushi ta kama, tuge shi a ƙona shi ne daidai, don kada ya shafa wa na kusa. Shukar da ruɓa ta kai wa zuciya ma ba ta dawowa, kuma ƙasar da ta mutu a ciki ba a sake reno da ita. Amma ko wadda za a yar, a dubi saiwarta kafin a yar. Wanda bai san abin da ya kashe ta farko ba, shi zai kashe ta biyu a rami ɗaya. Kuma mangwaron aure da ya shekara uku a ƙasa ba abin yarwa ba ne. A janye ƙasar da ta rufe wuyansa, a yanka wa ruwa hanya, a rage masa rassa daidai da saiwar da ta saura, a dakata da taki. Sau da yawa yakan farfaɗo.

Wasu kuma za su ce a ƙasar da watan Maris da Afrilu ke ƙona komai, gargaɗi kan yawan ruwa zai sa malalata su sami abin fakewa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ban ce a daina ban-ruwa ba. Da bazara dashe na bukatar ruwa sosai. Abin da nake cewa shi ne a ba shi ya ƙoshi har ƙasa, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, sa'an nan a bar shi ya numfasa kafin a ƙara. Wannan ya fi yayyafin kullum, domin yana sa saiwa ta nutsa ƙasa neman danshi. Mai duba ƙasa kafin ya zuba ruwa ya fi mai juye bokiti aiki, bai fi shi hutu ba.

Kira

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomin makarantu da su daina horo da ban-ruwa. A ba kowane ɗalibi itace guda ya zama nasa daga aji ɗaya har ya gama, da ɗan littafin da zai dinga rubuta ranar da ya ba da ruwa da abin da ya gani. Kyautar gidan da ya fi kowa a ranar rabon kyaututtuka a ba da ita bisa yawan itatuwan da suka kai shekara da rai, ba yawan ramukan da aka haƙa ba. Ina kira ga 'yan'uwana malaman aikin gona da na kimiyya da mu rage zane a allo, mu ciro shuka biyu, mai lafiya da marar lafiya, mu wanke saiwoyinsu mu miƙa wa yara su taɓa, su shinshina. Gani ya kori ji.

Ku kuma 'ya'yana da ke barin makaranta a bana, da yawanku gonakin Bakolori da fadamun garuruwanku za ku koma, ko da kuna wani aikin. Idan kun ga shuka ta sunkuya, ku durƙusa ku tona gefenta kaɗan kafin ku nufi rijiya. Ku gaya wa ƙannenku, ku kuma nuna wa iyayenku cikin ladabi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hikimar sarrafa ruwan da ya ba mu. Amin.